Wa ya duba facin kafin a manna shi?

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi da ƙaramar waya a kasuwar Kwanar Ɗangora ko ta Tudun Wada ya riga ya san abin da masana kwamfuta ke kira layin umarni, ko da bai taɓa jin sunan ba. Ana danna tauraro, a sa lambar banki, a rubuta adadin kuɗi, a biyo da lambar asusun wanda za a tura wa, sannan a rufe a aika. Babu hoto, babu wurin shafawa da yatsa, jerin lambobi ne kawai, kowace a mazauninta. A can ɗaya ɓangaren kuwa akwai wata 'yar manhaja da ba ta da aikin yi dare da rana illa ta karɓi wannan jeri, ta rarrabe shi, ta gane wanne ne kuɗi wanne ne asusu, ta kuma ƙi karɓar abin da bai yi kama da daidai ba. Lambar asusu a Najeriya guda 10 ce, kuma ta ƙarshen lissafo ta ake yi daga sauran, domin a kama irin kuskuren da yatsa ke yi idan ya zame. Da wannan mai tsaron ƙofa zai rikice na yini guda, da an ji kuka daga Bebeji har Riruwai.

A kan wannan mai tsaron ƙofa nake son mu tattauna a wannan mako, da kuma mutanen da ke duba duk wani sauyi da za a yi masa kafin a amince. Na san wani zai ce wannan magana ta mutanen Legas da Abuja ce. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, domin jarabawar 'ya'yanmu da kuɗin aljihunmu da rajistar manomanmu duk sun koma ratsawa ta irin waɗannan ƙofofi, kuma ra'ayina shi ne aikin mai duba, wanda ba a yi masa kirari, shi ne ya fi cancanta mu koyar, mu nema, mu kuma biya kuɗinsa.

Bari mu ɗauki misali da wata manhaja mai suna QEMU, wadda wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara fitarwa a shekarar 2003. Manhajar kwaikwayo ce. Aikinta shi ne ta sa kwamfuta ɗaya ta yi shigar wata na'urar daban, ta yadda a cikin kwamfutar da ke kan tebur za a iya tayar da wata kwamfutar ta ƙirƙira, mai ƙwaƙwalwarta da faifanta da katin sadarwarta, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da za a iya taɓawa da hannu. Duk matashin da ya taɓa rubuta manhajar waya ya gwada ta a kan wayar Android ta kwaikwayo a allon kwamfutarsa, to a kan QEMU ya hau, domin a kanta aka gina waccan. Haka nan kamfanoni da dama da ke ba da hayar kwamfutoci ta intanet, da ita suke yanka babbar na'ura guda su raba wa masu haya da yawa, kamar yadda ake yanka fadama a raba wa manoma. Kyauta ce, kuma rubutunta a buɗe yake ga duk mai son karantawa.

Wannan manhaja ba ta tashi sai an gaya mata irin na'urar da za ta kwaikwaya, kuma ta layin umarni ake gaya mata. Ana rubuta sunanta, a biyo da zaɓuɓɓuka, kowane da karan ɗori a gabansa: ga yawan ƙwaƙwalwa, ga faifan da za a karanta, ga irin katin sadarwa. Zaɓuɓɓukan sun haura ɗari, wasu kuma suna da 'ya'ya a ƙarƙashinsu. Sashen da ke karanta wannan layi ya fassara shi ƙarami ne idan aka kwatanta shi da sauran manhajar, amma matsayinsa irin na ƙofar madatsar ruwan Tiga ne. Tun da aka kammala madatsar a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, abin da manomin rani a Kadawa zai samu ya rataya ne a kan yadda aka buɗe ƙofa a Bebeji. Ƙofar ba ta kai girman tafkin ba, amma abin da aka yi a bakinta shi ke bayyana a kowace gona da ke ƙasa.

Ga misalai uku na irin abin da ke faruwa a bakin wannan ƙofa. Na farko, idan mutum ya rubuta "-m 4" yana nufin a ba na'urarsa gigabait 4 na ƙwaƙwalwa, QEMU za ta ba shi megabait 4 ne, wato ƙasa da abin da ya nema sau dubu da ɗoriya, domin a wurinta lambar da ba a ɗora wa harafi ba megabait ce. Sai ya rubuta "4G" za ta gane nufinsa. Tamkar ka je wurin mai shinkafa a Tudun Wada ne ka ce a ba ka huɗu, ba ka ce kwano ko buhu ba. Na biyu, waƙafi ne ke raba 'ya'yan zaɓi da juna. To idan sunan fayil ɗin mutum shi kansa yana da waƙafi a ciki fa? Sai manhajar ta ɗauka sunan ya ƙare a nan, ragowar kuma wani sabon umarni ne. Maganin da aka yi shi ne a rubuta waƙafin sau biyu a jere, alamar cewa wannan na cikin suna ne.

Na ukun ya fi ban sha'awa. Domin sauƙaƙa wa mutane, an daɗe ana barin mai amfani ya liƙa "no", wato a'a da Ingilishi, a gaban sunan wani zaɓi, manhajar ta fahimci ana so a kashe shi. Da ganinsa abu ne mai kyau. Sai dai mai fassarar ba ya tambayar ko zaɓin irin wanda ake kunnawa da kashewa ne. Idan aka rubuta "noid", sai ya raɗa wa na'urar suna "off", wato kashe, ya wuce abinsa ba tare da ƙorafi ba. Kuma duk kalmar da ta fara da waɗannan haruffa biyu bisa tsautsayi tana cikin haɗarin a gutsure mata kai. A fitowa ta 6.0, cikin Afrilun 2021, masu kula da manhajar suka sanar cewa wannan gajeriyar hanya ta kama hanyar ritaya, suka sa manhajar ta riƙa yin gargaɗi ga mai amfani da ita.

Abin lura shi ne ba su tashi da safe sun goge ta ba. Ƙa'idarsu ita ce duk abin da za a cire sai an rubuta shi a jerin abubuwan da ke kan hanyar fita, ya ci gaba da aiki a fitowar da aka sanar da kuma wadda ke bi mata, sannan ya halatta a cire. Da yake sau uku suke fitar da sabon zubi a shekara, mutane na samun watanni su gyara nasu. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, yawancin umarnin da QEMU ke karɓa ba mutum ne ke zaune yana rubuta shi ba. Wasu manhajojin ne, irin su libvirt, ke harhaɗa layin su miƙa mata, da kuma dubban rubutattun umarni da ma'aikata suka ajiye shekara da shekaru suka manta da su. Ranar da ma'anar kalma ɗaya ta sauya ba sanarwa, ranar ce na'urorin da ba wanda ke kallonsu za su ƙi tashi, ko kuma, abin da ya fi muni, su tashi da wata ma'ana daban.

Yanzu mu zo kan mai duba. Wanda yake son ya gyara wani abu a wannan manhaja yakan rubuta abin da suke kira faci, kuma sunan ya dace, domin kamar facin taya ne: ɗan yanki ne da za a manna a wani wuri na musamman. Ana son kowane faci ya yi abu guda kawai, ya zo da bayanin dalilinsa, sannan marubucin ya sa hannu da sunansa a ƙasa. Daga nan sai a baje shi a bainar jama'a. Wani ya karanta, ya yi tambaya, ya nuna inda bai gamsu ba. Marubucin ya koma ya gyara, ya kawo zubi na biyu, wani lokaci na biyar ko na goma. Idan mai duba ya gamsu, shi ma sai a rubuta sunansa a ƙasa, a matsayin wanda ya duba, kuma wannan suna yana nan a tarihin manhajar muddin tana raye. Bayan shekara goma, idan matsala ta ɓulla, ana iya komawa a ga wanda ya rubuta, da wanda ya duba, da abin da suka faɗa wa juna.

Tambayoyin da mai duba nagari ke yi a kan facin da ya shafi ƙofar umarni ba sa buƙatar digiri kafin a fahimce su. Idan mutum bai rubuta komai ba a wannan gurbi, me zai faru? Idan ya rubuta sifili fa, ko lamba mai ragi, ko lambar da ta fi ƙarfin ma'ajin da aka tanadar mata? Idan ya maimaita zaɓi sau biyu da ƙima daban-daban, wanne za a ɗauka? Umarnin da yake aiki jiya, zai yi aiki gobe da ma'anarsa ta jiya? Idan aka ƙi karɓar abu, saƙon da zai fito yana gaya wa mutum inda ya kuskure, ko kuwa zai bar shi yana lalube a duhu? An gyara littafin bayani ya dace da sabon hali? An rubuta gwajin da zai kama wannan kuskure idan ya sake dawowa? Marubuci yakan gwada abin da yake fata ya faru. Mai duba kuwa aikinsa ya gwada abin da gajiyayyen ma'aikaci zai rubuta da ƙarfe biyun dare. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Galibi zargi ake yi da wannan karin magana, amma masu manhaja sun mayar da ita hanyar aiki: tun da kowa ya fi ganin na wani, to kowa ya miƙa nasa a duba masa.

Abin da ke faruwa idan ƙofa ta zama sakaka, tarihi ya rubuta shi da tsada. A ranar 28 ga Fabrairun 2017, wani ma'aikacin kamfanin Amazon ya rubuta umarnin cire wasu 'yan na'urori daga aiki domin bincike, sai ya kuskure a ɗaya daga cikin abubuwan da ya shigar, aka cire na'urori fiye da yadda ya yi niyya. Shafuka da manhajoji masu ɗimbin yawa suka durƙushe na kusan awa huɗu. Abin da ya burge ni shi ne darasin da kamfanin ya ɗauka: gyara kayan aikin suka yi, ta yadda ba zai ƙara yarda a cire na'urori har su gaza adadin da ake buƙata ba, ko wane ne ya ba da umarnin. Sun gane cewa yatsa zai sake zamewa, don haka ƙofa ce ya kamata ta iya cewa a'a.

A ranar 19 ga Yulin 2024 kuma, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika wani sabuntawa da ya kayar da kwamfutoci masu amfani da Windows kusan miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cik a ƙasashe da dama. Da aka bi diddigi, sai aka tarar wani sashe na manhajar yana sa ran a miƙo masa abubuwa 21, alhali 20 ake miƙa masa. Da ya kai hannu ɗauko na 21, sai ya tarar da wayam, ya faɗi, ya ja kwamfutar gaba ɗaya. Ƙirga guda ɗaya ke nan da ba a daidaita ba tsakanin mai bayarwa da mai karɓa.

Ba sai mun je Amurka ba. A ranar 14 ga Mayun 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaƙ Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida cikin hawaye ya amsa cewa an samu kuskure a sakamakon ɗalibai 379,997, a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Bayanin hukumar shi ne an yi wa manhajar jarabawar gyara, amma facin bai kai ga wasu daga cikin na'urorin da ke hidimar waɗancan cibiyoyi ba kamar yadda ya kamata. Ɗaliban suka sake zama jarabawa cikin 'yan kwanaki. Ya cancanci yabo da ya amsa laifi a fili, abin da ba mu saba gani ba a ƙasar nan. Amma a wancan karon Kano ta tsira ne kawai domin cibiyoyinta ba sa cikin waɗanda abin ya shafa. Mai karatu ya ƙiyasta yarinyar da mahaifinta ya sayar da buhun masara a Doguwa ya biya mata kuɗin rajista da na mota, ta yi karatu shekara guda, sannan a nuna mata makin da ba nata ba. Idan ba a yi sa'ar gano kuskuren ba, ita da iyayenta za su ɗauka ƙoƙarinta ne ya gaza, kuma da yawa irinta daga nan karatun ke tsayawa.

Wani zai ce, to ai su ma masu dubawar suna kuskure. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Ɓarakar nan da aka yi wa laƙabi da Heartbleed, wadda aka bankaɗo a Afrilun 2014 a manhajar OpenSSL mai tsare sirrin sadarwar intanet, ta shiga ne ta wani faci da aka karɓa a ranar ƙarshe ta shekarar 2011, kuma an duba shi kafin a karɓa. Mutum ɗaya ne ya duba, bai lura cewa ba a tantance tsawon abin da ake nema ba. Ita ma QEMU, a Mayun 2015 an gano wata ɓaraka a sashenta mai kwaikwayon tsohon faifan nan na fulofi, wadda ke kwance tun 2004 ba wanda ya gani. Haka kuma duba yana cin lokaci. Faci kan yi makonni yana jiran wanda zai karanta shi, domin masu son rubutawa sun fi masu son dubawa yawa nesa ba kusa ba. Sai dai idan aka lura, duk waɗannan hujjoji ne na ƙarancin masu duba. Inda ido ɗaya ya gaza, abin nema shi ne ido na biyu da na uku, tare da gwajin da na'ura ke maimaitawa ba gajiya. Ba a taɓa rushe shinge don akuya ta taɓa tsallakawa ba, ƙara masa ƙaya ake yi.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya san tsangaya ya san darasu, inda gardi ke kawo allonsa a gaban alaramma a bi rubutun baƙi bayan baƙi, wasali bayan wasali, sauran almajirai na saurare. A rubutun Warshu da muka gada, ɗigo ɗaya ne ke raba fa da ƙaf: na fa a ƙasa, na ƙaf a sama. Wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka, komai ƙarfin haddarsa, yakan miƙa wa wasu alarammomi su bi shi shafi-shafi kafin a ce an gama, kuma ba ya ɗaukar hakan a matsayin raini. Mutanen da suka riƙe wannan al'ada ɗaruruwan shekaru ba su da dalilin jin cewa duba facin manhaja wani sirri ne na Turawa. Ma'aunin ɗaya ne: abin da mutane za su dogara da shi ba a barinsa a hannun mutum guda, komai gwanintarsa.

Abin takaici, wannan hali bai bi mu zuwa ofis ba. A ma'aikatunmu, ƙaramin ma'aikaci da ya ga kuskure a takardar maigidansa yakan haɗiye, domin ya san abin da zai biyo baya idan ya yi magana. Wanda aka ba kwangilar manhaja yakan rubuta shi kaɗai, ya gwada shi kaɗai, ya kai a ƙaddamar da tafi, kuma rubutun manhajar yana cikin kwamfutarsa, ba wanda ya taɓa gani. Idan aka tambaye shi wa ya duba, sai ya ji an zarge shi da rashin iyawa. Alhali gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. A irin tsarin QEMU, wanda ya shekara goma sha biyar yana aikin shi ma yana miƙa facinsa a duba, kuma sabon shiga na iya nuna masa inda ya kuskure, ya yi godiya ya gyara. Sharaɗin kawai shi ne a yi magana a kan facin, a bar mutumin.

Akwai kuma abin da ɗan Kiru ko ɗan Bebeji zai gani wanda mai duba na Jamus ba zai yi tunaninsa ba. A layin umarnin Linux, alamar nan da muke sawa a tsakiyar Mu'azu da Sa'adatu da Shu'aibu tana nufin an buɗe zance, kuma na'ura za ta yi ta jiran a rufe. Sunan fayil ko na mutum mai ɗauke da ita yana iya rikita manhajar da ba a rubuta ta da lura ba. Haka ƙ da ɗ da ɓ: manhajar da ta watsar da lanƙwasa ta mayar da ƙafa kafa, ta mayar da ɓata bata. Mutane nawa ne a ƙasar nan suka yi ta zarya saboda sunan da ke katin shaidarsu bai dace da na banki ko na takardar jarabawa ba? Wani ɓangare na wannan wahala daga hannun magatakarda yake, wani ɓangaren kuma daga ƙofofin da aka gina ba tare da an gwada su da sunayenmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan babu namu a cikin masu duba, ba wanda zai tuna ya gwada Mu'azu.

Saboda haka ina da kira guda uku. Na farko ga matasanmu da ke koyon rubuta manhaja, ko a ƙarƙashin shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, ko a Jami'ar Bayero, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ko a ɗaki da wayar hannu da bidiyon intanet. Ku koyi karanta rubutun wani kamar yadda kuke koyon rubuta naku. Tarihin QEMU da na dubban manhajoji irinta a buɗe yake, da kowane faci da muhawarar da aka yi a kansa. Karanta shi bai buƙatar babbar kwamfuta ko wutar da ba ta ɗaukewa, rubutu ne zalla, ba ya cin data kamar bidiyo. Ku zaɓi ƙaramin faci, ku yi masa tambayoyin da na lissafa a sama, ku kwatanta da abin da ƙwararru suka faɗa. QEMU ta sha shiga shirye-shiryen horarwa irin su Outreachy da na bazara da Google ke ɗaukar nauyi, inda ake biyan sababbin shiga su yi aiki daga gida a ƙarƙashin ƙwararre. Ba a tambayar wa ya tsaya maka, aikinka ake dubawa. Yanzu kuma da ƙirƙirarriyar basira ke iya zubo rubutun manhaja shafi-shafi cikin daƙiƙa, mai rubutawa ya yi araha. Wanda zai iya karantawa ya ce nan akwai rami, ya kuma sa sunansa a ƙasa, shi ne zai yi tsada.

Na biyu ga malamai da masu cibiyoyin koyar da kwamfuta. Kada ɗalibi ya miƙa aiki sai ɗan'uwansa ya duba ya sa hannu, kuma a ba mai dubawar maki a kan abin da ya gano. A riƙa zama darasu na manhaja, a haska aikin ɗalibi ɗaya a bango, a bi shi layi-layi, malam ma ya riƙa kawo nasa a duba. Yaron da ya saba a gyara masa a gaban jama'a ba tare da an muzanta shi ba, shi ne zai girma ya iya gyara wa shugabansa cikin ladabi, ya kuma iya karɓar gyara ranar da ya zama shugaba.

Na uku ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, da duk wata hukuma da ke sayen manhajar biyan albashi, ko tara haraji, ko rajistar manoma, ko ajiye bayanan marasa lafiya. A rubuta a cikin takardar kwangila cewa rubutun manhajar mallakar hukuma ne, cewa kowane sauyi sai wani wanda ba shi ya rubuta ba ya duba ya sa hannu, cewa za a ajiye tarihin sauye-sauyen, kuma ba za a sauya yadda ake shigar da bayanai ba sai an sanar da ma'aikata an ba su lokaci. A ware kuɗin dubawa daban, a biya wanda ba shi da alaƙa da ɗan kwangila. Ba mu yarda ma'aji ya binciki littafin kansa ba, shi ya sa aka yi ofishin mai binciken kuɗi. To manhajar da ke lissafa albashin malaman firamare na Kiru ta fi littafin ma'aji saurin yin ɓarna, domin kuskurenta ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya, kowa yake shafa a lokaci guda. 'Yan majalisarmu da ke wakiltar waɗannan ƙananan hukumomi suna da damar yin tambaya guda a duk lokacin da aka kawo kasafin wata sabuwar manhaja: wa zai duba, kuma nawa aka ware masa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar manhaja ba ta wuce faɗin waƙafi ba. Ba za a yi bikin ƙaddamarwa domin mai duba ba, domin idan ya yi aikinsa da kyau babu abin da zai faru: albashi zai shiga, sakamako zai fito daidai, kuɗi zai isa ga mai shi. Wannan shirun shi ne ribar aikinsa, kuma ya cancanci a biya shi. Allah ya ba mu masu gaya mana gaskiya, ya ba mu kunnen sauraronsu. Sai mako mai zuwa, idan mai duka ya kai mu.